Gargaɗi ga masu kiran son kai da sunan zumunci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku jama'ar birnin Katsina, ku sani akwai wata kalma ta Nasara wadda 'yan boko suke jifan juna da ita, wai nefotizim. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin jika ko ɗan ɗan'uwa. Fafaromomin birnin Rum ne suka jawo ta, domin sun kasance suna naɗa 'ya'yan 'yan'uwansu a manyan muƙamai, har wani daga cikinsu ya rubuta dokar hani a 1692. To, su sun raɗa wa cutarsu suna. Mu kuwa muka ce da tamu zumunci.

Wallahi ba zumunci ba ce. Zumunci shi ne ka ɗebi hatsi daga rumbunka ka kai wa gwaggonka. Amma aikin hukuma da gurbin makaranta da kwangilar rijiya ba rumbun ubanka ba ne, amanar talakawa ce.

In sun ce, ai naka sai naka, sai mu ce: Sayyidina Umar da zai cika ya bar al'amari a hannun mutum shida, bai sa ɗansa Abdullahi cikin waɗanda za a zaɓa ba, alhali kuwa malami ne mai tsoron Allah. Shehu Usmanu kuma, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gadon sarauta ba da shawara ba cikin miyagun al'adun sarakunan da ya yaƙa. Da tutarsa Ummarun Dallaje ya ci garin nan a 1807. Ashe an manta?

En'e ta wuce, an yi jiha a 1987, amma tambayar bakin ofis ba ta sake ba: ɗan wane ne? Yaron da ubansa ke dako a kasuwa ya zo da takardarsa, a ce ya dawo gobe, har takalminsa ya ƙare. Wani kuwa yana barci a kai masa takardar aiki har gida, a ce alfarma.

Abin da muke nema shi ne, duk sa'ad da aka ɗauki ma'aikata, a lika sunayensu da makin jarrabawarsu a ƙofar ofis, kowa ya karanta. Limaman Juma'a kuma su faɗa a kan mumbari, ko da mai ofishin yana sahun gaba. Wassalam.