Fim Ya Taɓa Zuciya, Alƙalami Ya Ƙarasa

Akwai malamai da iyaye da ke ganin kallon fim ɓata lokaci ne ga mai son koyon rubutu. A ganinsu, wanda ya saba da hoto mai motsi ba zai iya haƙurin zama da alƙalami ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma tarihin adabin Hausa na zamani bai goyi bayanta gaba ɗaya ba.

Tun wajen shekarun 1950 finafinan Indiya suka fara shiga gidajen silima na Kano. Masu kallo ba sa jin yaren, amma suna gane auren dole da azabar bashi da hawayen uwa, domin sun san irinsu a gida. Da yawa daga cikin marubutan littattafan soyayya, waɗanda suka cika kasuwar Kano daga shekarun 1980, da wannan kallo suka tashi.

A ɗauki Mother India, wanda Mehboob Khan ya fitar a 1957. Radha, matar wani manomi, ta yi renon 'ya'yanta ita kaɗai cikin ƙangin bashin wani mai cin riba. Ɗanta Birju ya girma da ƙullaci, ya zama ɗan fashi, ya kashe mai bashin, ya kuma sace 'yarsa ranar aurenta. Radha ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan cikinta don kare mutuncin 'yar wani, ya cika a hannunta.

Daga nan aikin marubuci yake farawa. Kyamara ta nuna fuskar uwar, amma ba ta shiga zuciyarta ba. Me Radha ta riƙa tunawa a daren farko? Da ta ga kwanon da yake cin abinci a ciki, me ta yi da shi? Ɗalibin da ya zauna ya amsa waɗannan tambayoyi a shafi guda, da Hausarsa, ya yi aiki da tunaninsa fiye da wanda ya ba da labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe.

Sai dai akwai tarko. Zanen aro ba ya rufe katara. An daɗe ana sukar wasu finafinan Hausa da wankiya, wato a kwaso labarin Indiya ɗungurungum a canja masa sunaye kawai. Marubucin da ya bi wannan hanya kwafi ya yi, ko da kuwa Hausarsa ta yi daɗi. Abin da ya cancanci ɗauka daga fim shi ne raɗaɗin da ya bari a zuciya. Mutane da wuri da harshe kuwa, tilas su fito daga rayuwar da marubucin ya sani.

Balaraba Ramat Yakubu ta nuna amfanin tsayawa a gida. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, shi ma labarin uwa ne: Rabi, wadda mijinta ya kora da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su. Komai a cikinsa na Kano ne. Duk da haka, a 2012 kamfanin Blaft da ke Chennai a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi. Ƙasar da ta daɗe tana aiko wa Kano labari, sai ga shi ta karɓi na Kano.

Saboda haka ɗalibin da ke zangon Kumasi, ko Yawunde, ko Jidda, ko Landan, ya kalli fim ɗin da ya sa shi hawaye, ya kashe talabijin, sannan ya tambayi kansa: wace uwa ce a unguwarsu ta taɓa shiga irin wannan tsaka mai wuya? Da ita zai fara shafinsa na farko.