Gem ɗin jirgin ƙasa da ke hana mai wasa sauya layi, rabin gem ne

Yawancin gem ɗin jirgin ƙasa na waya abu ɗaya suke sayarwa: kyan hoto, ƙarar hon da gudu. Mai wasa ya ƙona data ya sauke, ya tuƙa na kwana biyu, ya gaji ya goge. Dalili kuwa, an ɓoye masa wurin da tunani yake, wato mahaɗar da jirgi ke barin wani layin dogo ya hau wani.

A ɗauki layuka biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, da ɗan gajeren layi da ya haɗa su a karkace. Masauyin layi biyu ne a wurin, ɗaya a kowane baki. Idan aka juya na farko aka manta na biyu, jirgi zai shiga tsakiya ya tarar da hanya a rufe. Shi ya sa ake ɗaure su wuri ɗaya, taɓawa ɗaya ta juya duka biyun.

Wannan dabara ba a gem aka fara ta ba. A 1856 John Saxby ya yi rajistar tsarin kulle masauyi da sigina a Ingila. Ƙa'idar ita ce sigina ba zai ba da hanya ba sai masauyi ya zauna daidai, kuma masauyi ba zai motsa ba muddin sigina ya ba da hanya.

Gem ɗin da suka girmama mai wasa sun bar masa wannan aiki ta hanyoyi daban-daban. A Trainz, kibiya kore da ja ke nuna inda masauyi ya fuskanta, mai wasa ya taɓa ya juya shi. A OpenTTD, wanda kyauta ne, jirgi ne ke zaɓar hanyarsa, amma mai wasa ne ke dasa sigina, kuma kuskure ɗaya kan sa jirage su tsaya cirko-cirko, kowa na jiran kowa.

Masu cewa allon waya ya yi ƙanƙanta suna da gaskiyarsu. Amma ɗaure masauya ai rage taɓe-taɓe yake yi. Abin da ya kamata kamfanoni su yi shi ne su bar zaɓi: mai son gem ya sauya masa layi ya kunna, mai son riƙe akala da kansa ya kashe.

Ribar ta wuce nishaɗi. Hana jirage biyu hawa layi ɗaya daidai yake da hana sassan manhaja biyu rubutu a wuri ɗaya a lokaci guda. Matashin da ya warware cunkoso a mahaɗa ya riga ya fara tunanin masu rubuta manhaja. Don haka kafin a sauke sabon gem, a duba ko yana barin mutum ya sauya layi da hannunsa.