Wane Ne Ɓarawon, Mai Kwafar Linux Ko Mai Fasa Windows?

Mun mai da gaskiya ƙarya a harkar manhajar kwamfuta, kuma abin yana ƙona mini rai. Yaro zai tashi daga Kutama da kwamfutarsa 'yar Kwatano, ya je Gwarzo ko ya zarce Beirut Road a Kano, ya biya a ɗora masa Windows da Office da aka fasa makullinsu. Ba mai cewa uffan. Amma wani matashi ya kwafi Ubuntu, wani nau'in Linux, ya nemi ladan wahalarsa, sai a yi masa ca: “Ai kayan kyauta ne, sayar da shi cuta ce!”

Malam, a ina ka karanta haka?

Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a Amurka a 1989, kuma Linux na Linus Torvalds yake tafiya a kansa, ya halatta a kwafa, a gyara, a sayar a kan kowane farashi. Sharaɗinsa kada ka ɓoye lambobin asalin manhajar, kada kuma ka hana wanda ya saya ya kwafa wa wasu. Masu haƙƙin ba su yar da haƙƙinsu ba, da shi suka yi amfani suka buɗe ƙofa. Microsoft kuwa bai taɓa ba kowa izinin fasa kayansa ba, ga kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da Buhari ya sa wa hannu a 2023. Mu da muka ga yadda masu satar fasaha suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood bai kamata a tsaya yi mana bayani ba.

To kuɗin mene ne matashin yake karɓa? Kamfanin Canonical mai yin Ubuntu ya daina aiko da faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya tun 2011. Ubuntu na 2024 ya haura giga 5, faifan DVD mai cin giga 4.7 ba ya ɗaukarsa, sai filashi. Wa zai sayi filashin? Wa zai sayi data, ya kwana yana gadin sabis mai zuwa yana ɗaukewa a ƙauyukan Kabo? Man janareta fa, sadaka ake rabawa a gidan mai? Ruwan dam ɗin Challawa ba na sayarwa ba ne, amma ba wanda ke kiran ɗan garuwa ɓarawo.

Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafin Windows 10, tsofaffin kwamfutocinmu kuma da yawa Windows 11 ba ta hawa kansu. A kansu yaranmu ke koyon danna maɓalli kafin jarrabawar JAMB. Linux na tafiya a kansu lafiya lau, da LibreOffice, madadin Office, a ciki. Shugabannin makarantu da masu shagunan buga takardu a Gwarzo da Kabo su daina tara manhajar sata mai shigo da ƙwayar cuta, su nemi yaron nan mai filashi, su biya shi ba tare da ciniki ba.