Hoton shirwa a sama shaida ce, ba wasan masu kuɗi ba

Duk wanda ya girma kusa da kwata ya san lokacin da ungulu ke cika rufin rumfunan mahauta. Yau a garuruwa da yawa sai a shekara ba a ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya ungulun da muka saba gani cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma binciken da mujallar Nature Ecology & Evolution ta buga a 2024 ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na nau'o'i 42 na tsuntsaye masu farauta da aka duba a Afirka sun ragu. Hausawa na cewa ungulu ba ta jewar banza. Rashin jewarta ma ba banza ba ne, sai dai ba mu ajiye shaidar ranar da ta daina ba.

Nan ne mai kyamara yake da aiki, kuma hoton tsuntsu yana shawagi ya fi na wanda ke zaune a reshe amfani. Daga ƙasa ake gane irin waɗannan tsuntsaye: wutsiyar shirwa mai baki biyu, gashin ƙarshen fiffiken ungulu da ke buɗewa kamar yatsu, guntuwar wutsiyar gaggafa. Hoton yana ɗauke da rana da sa'a, don haka masu bincike irin na cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos za su iya kwatanta bana da bara.

Za a ce kayan ɗaukar hoton sun yi tsada. Gaskiya ne, tsayar da fiffiken shaho sarai a hoto yana buƙatar dogon gilashi da kyamarar da ke ƙiftawa a ɗaya cikin 2,000 na daƙiƙa. Amma wannan na gasa ne; shirwar da ke kewaya kasuwa ƙasa-ƙasa wayar hannu ma tana kama ta yadda za a gane ta. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne hoto na iya jagorantar masu neman kan ungulu don tsibbu. Wannan haɗari yana tattare da hoton sheƙa, shi kuwa sararin sama ba ya nuna gidan kowa.

Masu ɗaukar hoton biki da ke Kano, Zinder da Nguru, ku riƙa ɗaga kyamara sama, ku rubuta gari da kwanan wata, ku ɓoye inda sheƙa take.