Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Dosso Kan Ajiye Fetur A Ƙarƙashin Benayen Gaya

Mai Girma Gwamna ya fi kowa sanin cewa Gaya gari ne na fatauci, wanda ke kallon Malanbil ta ƙasar Benin a tsallaken kogin Neja, kuma bai yi nisa da Kamba ta Najeriya ba, shi ya sa kuɗin kasuwanci ya tayar da benaye waɗanda ƙasansu mangaza ce, wato ɗakin ajiyar kaya, samansu kuma makwancin iyali.

Abin da ya hana marubucin wannan wasiƙa yin shiru shi ne fetur. Ana jibge shi cikin jarkoki a ƙarƙashin ginin da mata da yara suke barci a samansa, alhali tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana taruwa har sai tartsatsin waya ɗaya ya same shi. Hayaƙi kuwa sama yake bi, kuma matakala ce hanyarsa, saboda haka gidan da ke da matakala ɗaya da tagogi masu ƙarfen tsaro ya zama kurkuku ga mutanensa tun kafin 'yan kwana-kwana su iso. Hasumiyar Grenfell ta birnin Landan, mai hawa 24, matakala ɗaya gare ta, kuma mutum 72 suka rasu sanadin gobararta a 2017, a ƙasar da ba ta rasa motocin kashe wuta ba. A ranar 23 ga Satumba 2023 rumbun fetur na sumoga ya kama da wuta a Seme-Krake, kan iyakar Benin da Najeriya, fiye da mutum 30 suka mutu. Garin iyaka ne kamar Gaya, sana'ar ma ita ce, to gawa nawa ake jira kafin a fitar da jarkoki daga ƙarƙashin masu barci?

Babu mai musun nauyin tsaro da ke wuyan Gwamna, kuma jama'a na ganin ƙoƙarinsa, amma ganin ƙoƙari ba zai hana su tambayar amfanin takardar izinin gini ba, wadda ita ce shaidar hukuma ta yarda da tsarin gida, idan ba mai komawa ya duba abin da aka zuba a ciki.

Bayan fitar da fetur, sauran buƙatun sanannu ne: matakala ta biyu a kowane bene, tukwanen kashe wuta, gyaran wayoyin lantarki, wurin ɗiban ruwa kusa da kasuwa, da barin hanyar da mota za ta ratsa.

Masu sana'ar fetur talakawa ne masu neman abinci, don haka a keɓe musu fili a wajen gari kafin a ce za a hukunta su. Don Allah Mai Girma Gwamna ya ba da wannan umarni kafin hunturu ya kama, domin in wuta ta riga shi, iyalan mamatan ba za su karɓi ta'aziyya a madadin aikin da ya kamata a yi tun da wuri ba.