Abin Da Ya Kamata Ya Fara Karyewa

A shekarar 1898 Nikola Tesla ya tara jama'a a dandalin Madison Square Garden da ke birnin New York, ya nuna musu wani ɗan jirgin ruwa yana kai da komo a cikin kwatami babu igiya babu waya, shi kuwa yana gefe yana sarrafa shi da saƙon rediyo. Jikokin wannan jirgi ne ake tsere da su a yau a tafkunan Turai da Amurka. Wasan yana da ƙungiyoyi da dokoki: akwai IMPBA da aka kafa a Amurka a 1949, da NAVIGA ta duniya da aka kafa a birnin Basel na Siwizalan a 1959. Yawancin jiragen tsawonsu bai wuce mita ɗaya da ɗoriya ba, amma wasunsu kan haura kilomita 100 a sa'a guda.

Mai karatu na iya cewa wannan ai wasan yara ne. Ni kuwa a ganina makaranta ce ta injiniyanci mai araha, domin duk wani kuskure na maƙeri a nan take ruwa yake fallasa shi a gaban 'yan kallo.

Mu fara da dokar wasan. A rukunin da Turawa ke kira FSR-V, mintoci 30 ake yi ana zagaye a wasan ƙarshe, wanda ya fi yawan zagaye shi ne zakara. Jirgin da ya mutu a tsakiyar ruwa sai ya jira kwale-kwalen ceto, abokan hamayya kuwa suna ta ƙara zagaye. A Amurka an fi yin zagaye 6, wato mil ɗaya. A can jirgin da ya mutu nan zai zauna har a gama, wanda ya buge shi bayan alƙali ya sanar kuma a kore shi. Wanda ya zo na ƙarshe ya fi wanda bai gama ba maki. Lallai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abubuwan da ke hana jirgi gamawa suna da yawa. Jirgi mai tsananin gudu kusan a kan iska yake tafiya. Idan goshinsa ya ɗaga kaɗan, iska ta shiga ƙarƙashinsa, sai ya yi sama ya kife. Irin wannan ne ya halaka Donald Campbell a cikin babban jirginsa Bluebird K7 a tafkin Coniston na Ingila ran 4 ga Janairun 1967. Ɗan ganye ɗaya kan toshe bututun da ke kai ruwan sanyaya inji, injin ya ƙone. Ɗigon ruwa a akwatin rediyo kan raba jirgi da mai shi.

Sai dai babu abin da ke shan wuya kamar farfela. Faɗinta bai kai tafin hannu ba, amma a jirage masu batir takan juya sau 30,000 a minti, wato sau 500 a daƙiƙa guda. A yawancin jiragen tsere rabinta ne kawai ke cikin ruwa, saboda haka kowane kunne nata yana fita ya sake faɗawa a kowane juyi. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka kowace faɗawa duka ce. Ƙarfen da ake lanƙwasawa ana sakewa haka kuwa gajiya yake yi, ya tsage daga tushe, kamar wayar da yaro ke lanƙwasawa har ta tsinke. Ga kuma kumfar da ke tasowa a bayan kunnen saboda raguwar matsin ruwa, tana fashewa tana cin ƙarfe, tana rage ƙarfin turawa. Wannan matsala ce ta addabi Charles Parsons lokacin da ya fara gwada jirginsa Turbinia a 1894, har sai da ya mayar da farfelolinsa tara kafin ya sami gudun da yake nema.

A nan ne mai tsere yake shiga tsaka mai wuya. Farfelar ƙarfe sau da yawa da dakushi ake sayar da ita. Dole ya sa magagari ya wasa bakinta, ya rage mata kauri, ya daidaita nauyin kunnuwanta, domin idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, jijjiga za ta ci sandar da ke juya ta. Yana rage kauri gudu na ƙaruwa, kwanan farfelar kuma na raguwa. Ta tagulla mai haɗin sinadarin beriliyam tana da sauƙin gyara, amma ƙurarta guba ce ga huhu, shi ya sa ake goge ta a jiƙe, da takunkumi a fuska. Ta ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi riƙe kaifi, ta kuma fi wuyar aiki. Ta roba kuwa ba ta jure karo ko kaɗan.

Da farko sai mutum ya zaci mafita ita ce a yi kome da ƙarfe mafi tauri. Gwanayen wasan ba haka suke yi ba. Sun san cewa idan jirgi ya ci karo da itace a guje, dole ƙarfin karon ya sauka a wani wuri. Idan farfela ta ƙi karyewa, sanda za ta murɗe. Idan sanda ta ƙi, gindin jirgi zai tsage. Saboda haka da gangan sukan ɗaure ƙarfen juya akalar jirgi da ƙusa mai rauni, ta roba ko ta tagulla, don ta tsinke jirgi ya tsira. Sukan cusa soso mara shan ruwa a cikin jirgi don ko ya fashe kada ya nutse. Sukan saita rediyo ta yadda idan saƙo ya yanke, inji zai sauke gudu da kansa. Sun yarda cewa ɓarna za ta zo, sai suka zaɓa mata masauki mafi arha tun kafin ta iso.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu, sai dai mun saba yi mata karan tsaye. Ƙananan injinan kwale-kwale da yawa suna da irin wannan 'yar ƙusa a farfelarsu, wadda aka yi don ta karye. Fis ɗin wutar gida ma aikinsa ke nan. Amma sau nawa fis ke ƙonewa a maye gurbinsa da waya mai kauri, ana murna an yi maganin abin? Wanda ya yi haka ya ɗauke ɓarnar daga abin naira kaɗan ya ɗora ta a kan firji, ko a kan gidan baki ɗaya.

Kirana ga ɗalibanmu na injiniyanci da masu sana'ar gyara shi ne, duk na'urar da za ku ƙera ko ku gyara, ku tambayi kanku: idan ranar wuya ta zo, mene ne zai fara karyewa, nawa ne kuɗinsa, kuma wa zai ji ciwo? Wanda ba shi da amsa, aikinsa da saura.