Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Mai karatu, ni fa ban yarda da masu cewa tsohon gini kango ne ba. Dubi abin da ya faru a ƙasar Sikotland cikin 1932. A birnin Dundee, mahukunta suka rushe gidan majalisar gari wanda William Adam ya zana, bayan ya yi kusan shekara 200 a tsaye, wai su fili suke so. A shekarar nan dai ƙungiyar National Trust for Scotland ta sayi gidan attajiri George Bruce a ɗan garin Culross, ginin da aka soma a 1597, ta gyara shi.

To yau wa ya ci riba? Culross na nan da ginshiƙin dutsenta a dandalin kasuwa, da lunguna masu daɓen duwatsu, baƙi sai tururuwa suke, har shirin Outlander an ɗauka a wurin. Gidan Dundee fa? Sai a hoto.

Haba jama'a! Siminti ko gobe a kwaɓa wani. Amma ginin kakanni in ya faɗi, kuɗi ba sa tayar da shi.